Makonni Takwas Na Gasar AAF: Nazari Kan Ɗorewar Gasannin Bazara Na Ƙwallon Amurka

A ranar 2 ga Afrilun 2019 aka dakatar da gasar Alliance of American Football, wadda aka fi sani da AAF, bayan an buga makonni takwas cikin goman da aka tsara. Ba a kai ga wasan ƙarshe ba, ba a ɗaga kofi ba, kuma 'yan wasa sama da 400 suka wayi gari babu aiki a garuruwan da mafi yawansu baƙi ne a cikinsu. Makonni biyu bayan haka kamfanin da ya mallaki gasar ya kai kansa kotu a San Antonio ta jihar Tekzas ya bayyana cewa ya karye, inda takardunsa suka nuna kadarorin dala miliyan 11.3 da bashin dala miliyan 48.3, tsabar kuɗin da ya rage a asusu kuwa bai wuce rabin miliyan da 'yan kai ba. Abin da ya sa wannan lamari ya cancanci nazari shi ne gasar ta mutu alhali jama'a suna kallonta, masu sharhi suna yaba ingancin wasanta, kuma mutanen da suka jagorance ta sun san harkar ciki da waje.

Giɓin da kowa ke hange

Ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka ita ce wasan da ya fi kowane kawo kuɗi a ƙasar, kuma gasar NFL mai ƙungiyoyi 32 ce ke riƙe da ragamarta. Ana fara kakarta a watan Satumba, a rufe da wasan Super Bowl a watan Fabrairu, daga nan sai a shiga hutun kusan wata bakwai. Yarjejeniyar nuna wasanni da NFL ta ƙulla da gidajen talabijin a 2021 ta kai kimanin dala biliyan 110 na tsawon shekara 11. Duk ɗan kasuwar da ya dubi wannan adadi, ya kuma dubi watannin bazara da babu wasan a cikinsu, lissafi ɗaya yake yi: idan har kashi kaɗan cikin masu kallon NFL za su yarda su kalli wata gasa daga Fabrairu zuwa Yuni, to akwai dukiyar da ke kwance ba mai tsinta. Ga kuma 'yan wasa a wadace, domin jami'o'in Amurka suna yaye dubban matasa a kowace shekara, alhali waɗanda NFL ke ɗauka a zaɓenta na shekara ba su wuce 250 da 'yan kai ba.

Wannan lissafi ya daɗe yana cin dukiyar mutane. Gasar USFL ta farko, wadda aka fara a 1983 da ƙungiyoyi 12, ta samu kwangila da tashoshin talabijin na ABC da ESPN, ta kuma ja manyan taurari irin su Herschel Walker da Jim Kelly da Steve Young da Reggie White. Amma masu ƙungiyoyin sun yi watsi da tsarin tsuke bakin aljihu da wanda ya ƙirƙiro gasar, David Dixon, ya shimfiɗa, suka shiga gasar albashi da NFL, suka ƙara yawan ƙungiyoyi zuwa 18 a shekara ta biyu. Daga baya, bisa matsin lambar wasu daga cikinsu, musamman Donald Trump da ya sayi New Jersey Generals, suka yanke shawarar barin bazara su koma lokacin da NFL ke wasa, suka kuma maka ta a kotu bisa zargin danniya a kasuwa. A watan Yulin 1986 kotu ta amince cewa NFL ta yi danniyar, amma diyyar da aka yanke dala ɗaya ce tak, wadda doka ta ninka zuwa dala uku. Gasar ba ta sake buga wasa ba. Gasar XFL ta 2001, haɗin gwiwar attajirin kokawar zamani Vince McMahon da gidan talabijin na NBC, kaka ɗaya ta yi, kowane ɓangare ya tafka asarar kimanin dala miliyan 35. Hatta NFL da kanta ta gwada da gasar da ta kafa a Turai, wadda ta riƙa cin asarar kusan dala miliyan 30 a shekara har aka rufe ta a 2007.

Mutanen da suka kafa AAF sun san wannan tarihi sarai. Charlie Ebersol ɗa ne ga Dick Ebersol, shugaban sashen wasanni na NBC da ya yi XFL ta 2001 tare da McMahon, kuma shi Charlie ne ya shirya fim ɗin tarihi kan yadda waccan gasa ta rushe. Abokin tafiyarsa, Bill Polian, gogaggen manaja ne da ya gina ƙungiyar Buffalo Bills da ta yi tashe a farkon shekarun 1990, sannan ya jagoranci Indianapolis Colts har ta ci Super Bowl a 2007.

Yadda aka gina ta

An sanar da kafa AAF a watan Maris na 2018, wata biyu bayan McMahon ya bayyana cewa zai farfaɗo da XFL a 2020. Wannan jerin lokaci yana da muhimmanci, domin shi ya tilasta wa Ebersol gaggawa. Yana son ya riga McMahon shiga kasuwa da shekara guda, don haka ya ba kansa ƙasa da shekara ɗaya ya samo filaye, ya ɗauki masu horarwa da 'yan wasa, ya ƙulla yarjejeniya da gidajen talabijin, ya kuma tara kuɗin da za a yi duk wannan. McMahon a nasa ɓangaren ya ɗibi shekara biyu, yana sayar da hannayen jarinsa na kamfanin kokawarsa, WWE, yana ajiye kuɗin a gefe.

A fannin wasa, tsarin AAF yana da hankali. Ba ta ce za ta yi gogayya da NFL ba. Ta gabatar da kanta a matsayin mataimakiya, wurin da ɗan wasan da aka sallama ko wanda ba a zaɓa ba zai sake nuna kansa. Kamfani ɗaya ne ya mallaki dukkan ƙungiyoyi takwas, don kada a maimaita kuskuren USFL na masu ƙungiyoyi suna rige-rigen albashi. Kowane ɗan wasa kwangila iri ɗaya ya sa wa hannu: dala 250,000 a shekara uku, 70,000 a ta farko, babu tabbacin biya idan an sallame shi, tare da izinin tafiya duk ranar da wata ƙungiyar NFL ta neme shi. An kafa ƙungiyoyin a Orlando da Atlanta da Birmingham da Memphis da San Antonio da San Diego da Salt Lake City da kuma Arizona, yawancinsu a kudancin ƙasar inda sanyin Fabrairu bai da tsanani, kuma da yawansu a garuruwan da ba su da ƙungiyar NFL. San Diego ma ba ta daɗe da rasa ƙungiyarta ta NFL, Chargers, ba, wadda ta ƙaura zuwa Los Angeles a 2017. Aka ɗauko masu horarwa masu suna, irin su Steve Spurrier da Mike Martz da Mike Singletary da Dennis Erickson. Aka rage tsawon wasa ta hanyar soke bugun fara wasa, aka kuma ƙara alƙalin wasa guda da ke zaune a sama gaban allon talabijin yana gyara kuskuren na cikin fili nan take.

A daren 9 ga Fabrairun 2019, kwana shida bayan Super Bowl, tashar CBS ta nuna wasannin farko, inda Orlando Apollos ta lallasa Atlanta Legends da ci 40 da 6. Kusan mutum miliyan uku ne suka kalla, adadin da ya yi kafaɗa da kafaɗa da na wasan ƙwallon kwando na NBA da ABC ta nuna a daren. A San Antonio, matsakaicin 'yan kallon da suka riƙa shiga filin Alamodome a wasannin gida ya haura 27,000. Daga baya, da wasannin suka koma tashoshin da sai an biya ake kamawa, irin su NFL Network da CBS Sports Network da TNT, masu kallo sun ragu zuwa wajen rabin miliyan, wanda ba abin kunya ba ne ga sabuwar gasa.

Inda kuɗin ya tsaya

Duk wannan yana gudana ne a kan alƙawarin mutum ɗaya. Babban mai zuba jarin AAF shi ne Reggie Fowler, ɗan kasuwa daga Arizona da ya taɓa mallakar ƙaramin kaso a ƙungiyar NFL ta Minnesota Vikings. An ruwaito cewa ya yi alƙawarin kimanin dala miliyan 170, amma abin da ya shigo hannun gasar bai wuce miliyan 28 ba, kuma yana zuwa ne a gutsuttsure, ba a kan lokaci ba. Lissafi mai sauƙi ya isa ya nuna girman ramin. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 52, wato 416 a jimlace, kuma albashinsu kaɗai na shekarar farko ya haura dala miliyan 29. Ba a sa albashin masu horarwa da likitoci da ma'aikatan ofis ba, ba a sa hayar filaye da jiragen sama da otal da abinci ba, ba a sa kuɗin ɗaukar wasa a talabijin ba. Dukan abin da Fowler ya bayar bai isa biyan 'yan wasa kaɗai ba.

Dalilin tsaikon ya fito fili daga baya. Hukumomin Amurka sun riƙe asusun Fowler saboda binciken da suke yi kan yadda yake safarar kuɗi wa kamfanonin hada-hadar kirifto ba tare da lasisi ba, yana yi wa bankuna ƙarya game da asalin kuɗin. An kama shi a ƙarshen Afrilun 2019, ya amsa laifinsa a 2022, cikin laifukan har da damfarar ita kanta AAF ta hanyar nuna mata kuɗin wasu a matsayin nasa, kuma a watan Yunin 2023 aka yanke masa hukuncin ɗaurin wata 75. Ana iya cewa gasar ta yi rashin sa'a da ta faɗa hannun irin wannan mutum, amma wannan uzuri bai wanke shugabanninta ba. Alamun tangarɗa sun bayyana tun kafin a fara wasa, kuma suka zaɓi su buɗe kaka ba tare da kuɗin kammala ta yana ajiye a asusu ba, suna fatan nasarar makon farko za ta jawo wani mai kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bayan makon farko aka kasa biyan albashi a kan lokaci. Gasar ta ɗora laifin kan sauya kamfanin da ke sarrafa biyan ma'aikata, amma kwanaki kaɗan bayan haka sai aka sanar cewa Tom Dundon, attajirin Dallas da ya yi arziki a harkar bashin sayen mota kuma mai ƙungiyar hokin ƙanƙara ta Carolina Hurricanes, ya yi alƙawarin zuba dala miliyan 250, an kuma naɗa shi shugaba. Jaridu suka ɗauka an ceto gasar. A zahiri abin da ya faru shi ne Ebersol da Polian sun miƙa ikon yanke hukunci gaba ɗaya ga mutumin da ya shigo cikin 'yan kwanaki, wanda kuma yake sakin kuɗin mako-mako yana da damar tsayawa duk lokacin da ya ga dama.

Akwai wani ƙaramin al'amari da ke nuna irin ɗawainiyar da ba a gani daga waje. Wannan wasa na karo ne da gwabza jiki, raunuka a cikinsa ba sa ƙarewa, kuma kamfanonin inshora ƙalilan ne ke yarda su ɗauki nauyinsa. Dokar diyyar ma'aikata ta jihar Fulorida ba ta shafi ƙwararrun 'yan wasa ba, saboda haka Orlando Apollos, ƙungiyar da ta fi kowace ƙarfi a gasar da nasara bakwai cikin wasa takwas, ta koma yin atisaye a wani gari da ke tsallaken iyaka a jihar Jojiya domin 'yan wasanta su shiga ƙarƙashin dokar can. An kwantar da su a Jacksonville, ana kwasarsu a motoci zuwa atisaye, sannan a dawo da su Orlando ranar wasa. Kowane irin wannan gyara kuɗi ne da ba a sa a kasafi ba.

Tunanin Dundon

Dundon ya duba littattafan gasar ya ga cewa kuɗin shiga ba zai taɓa kamo na fita ba a yadda ake tafiya. Tikiti ba ya ɗaukar nauyi, domin in ban da San Antonio da Orlando da San Diego, 'yan kallo ba su da yawa a filayen. Talabijin kuwa, wadda ita ce uwar arzikin NFL, ba ta biyan AAF kuɗin haƙƙin nuna wasa irin wanda ake ji. Gasar ce ma ke ɗaukar nauyin shirye-shiryen, kuma da aka je kotu CBS na cikin masu binta bashi. Mafitar da ya hango ita ce AAF ta zama ƙaramar gasar NFL a hukumance, ta riƙa karɓar aron matasan 'yan wasan da ke zaman benci a can, musamman masu jefa ƙwallo da masu tsare su, waɗanda ingancin wasa ya dogara a kansu. Wannan ba ya yiwuwa sai da amincewar ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan NFL, ita kuwa ba ta ga dalilin da zai sa mambobinta su ƙara wasanni goma a kan jikinsu a lokacin hutu ba, ga haɗarin rauni, ga kuma yarjejeniyar aiki da ta ƙayyade lokacin atisaye. Ebersol da Polian suna ganin irin wannan alaƙa aikin shekara biyu ko uku ne. Dundon yana son ta cikin makonni.

A ƙarshen Maris ya shaida wa jaridar USA Today cewa idan ƙungiyar ƙwadagon ba ta ba da haɗin kai ba, gasar za ta iya rufewa. Kwanaki bayan haka ya rufe ta, bayan ya kashe kimanin dala miliyan 70 cikin wajen mako shida. Polian ya fitar da sanarwa yana nuna takaicinsa, yana cewa fahimtarsu ita ce za a kammala kakar, a biya masu bin bashi, sannan a gyara tsarin. Ko dala miliyan 250 ɗin alƙawari ne tabbatacce ko kuwa iyaka ce kawai ta abin da zai iya bayarwa in ya ga dama, wannan ya zama abin shari'a tsakaninsa da mai kula da ragowar dukiyar gasar.

Waɗanda suka fi jin jiki su ne 'yan wasan. An ba da rahoton waɗanda suka dawo masauki suka tarar an fito da kayansu, da waɗanda otal ya cire kuɗin kwana daga katinsu na banki, da waɗanda suka sayi tikitin jirgin komawa gida daga aljihunsu, har da waɗanda suka ji rauni a wasan makon ƙarshe suka rasa sanin wanda zai biya kuɗin magani. 'Yan kasuwar da suka yi wa gasar aiki a garuruwa takwas, daga masu abinci zuwa masu filaye, suka shiga layin masu bin bashi.

Abin da lamarin ya nuna

A ganina, darasin AAF ba wai Amurkawa ba sa son wannan wasa a bazara ba ne. Suna so, amma iyakar son nasu sananne ne: miliyan biyu ko uku a makon farko saboda ɗoki, sannan a sauko zuwa tsakanin rabin miliyan da miliyan ɗaya. XFL ta 2020 ma haka ta yi, ta fara da sama da miliyan uku ta riƙa raguwa mako-mako, kafin annobar korona ta tsayar da ita bayan mako biyar, ta karye a watan Afrilu, aka sayar da ita kan dala miliyan 15 kacal ga Dwayne Johnson da Dany Garcia da kamfanin RedBird Capital. Wannan adadi na masu kallo yana da daraja, amma bai kai ya ɗauki nauyin wasan da ke buƙatar mutum 50 a kowace ƙungiya, da tarin masu horarwa, da inshora mai tsada ba, musamman a watannin da ake gasar kwando ta jami'o'i da wasannin ƙarshe na NBA da farkon kakar ƙwallon besbol.

Akwai kuma wata matsala da mai bibiyar ƙwallon ƙafa irin wadda muka sani zai gane da sauri. Ƙaramin kulob a Beljiyam ko Fotugal yana rayuwa ne da renon matashi ya sayar da shi ga babban kulob, kuɗin cinikin ya riƙe shi shekaru. A Amurka babu wannan ciniki tsakanin gasar bazara da NFL. Younghoe Koo, ɗan asalin Koriya ta Kudu da ya yi fice a Atlanta Legends a matsayin mai bugun ƙwallo, ya koma Atlanta Falcons a shekarar ya zama ɗaya daga cikin gwanayen NFL, amma gasar da ta farfaɗo da shi ba ta amfana da komai ba. Gasar bazara tana rasa duk tauraron da ta ƙirƙira a daidai lokacin da jama'a suka fara sanin sunansa, kuma kyauta take rasa shi. NFL ba ta da dalilin biyan kuɗin reno, tunda jami'o'i suna yi mata wannan aiki ba tare da ta kashe ko sisi ba, a filayen da wasunsu ke ɗaukar mutum sama da 100,000. Dundon ya yi gaskiya da ya ce gasar tana buƙatar NFL. Inda lissafinsa ya kuskure shi ne zaton cewa NFL ma tana buƙatar gasar.

Waɗanda suka biyo baya

Hanyar da ta fi kusa da ɗorewa ta fito ne daga wani ɓangare dabam. A 2022 gidan talabijin na Fox ya farfaɗo da sunan USFL a matsayin mallakinsa. Wannan ya sauya lissafin daga tushe, domin mai gasar shi ne mai tashar: ba ya jiran wani ya biya shi haƙƙin nuna wasa, shi ke sayar da talla, kuma yana samun shirin kai tsaye da zai cike sa'o'in bazara a farashin da bai kai na sayen wata babbar gasa ba. Fox ta tsuke kashe kuɗi har ta buga dukkan wasannin rukuni na kakar farko a gari ɗaya, Birmingham, duk da cewa ƙungiyoyin suna ɗauke da sunayen wasu garuruwa. Sakamakon haka, duk wasan da ba na Birmingham Stallions ba a gaban kujeru wayam aka buga shi, abin da bai yi kyan gani ba ko kaɗan. Amma an kammala kakar, an kuma dawo a shekara ta biyu, abin da AAF da XFL ta 2001 da ta 2020 duk suka kasa.

XFL ta su Johnson ta dawo a 2023, aka ruwaito ta yi asarar kimanin dala miliyan 60 a kakar. Kasuwar da ba ta isa gasa ɗaya ba ba za ta ɗauki biyu ba, don haka a ƙarshen shekarar suka haɗe suka zama UFL, aka rage ƙungiyoyi daga 16 zuwa takwas, Fox na riƙe da rabin mallaka, ABC da ESPN kuma suna nuna wani kaso na wasannin. Dukkan ƙungiyoyin suna zaune suna atisaye a yankin Arlington ta Tekzas, sai ranar wasa su tashi zuwa garuruwansu. Birmingham Stallions ta ci kofin 2024, DC Defenders ta ci na 2025. A kakar farko matsakaicin masu kallo a talabijin ya haura 800,000, a ta biyu kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Amfanin da NFL ke ci daga waɗannan gasanni bai tsaya kan 'yan wasa ba, ko da yake su ma suna da yawa: KaVontae Turpin da Brandon Aubrey sun tafi Dallas Cowboys daga USFL (Aubrey ma asalinsa ɗan ƙwallon ƙafa ne da Toronto FC ta taɓa ɗauka), Jake Bates kuma ya tafi Detroit Lions daga UFL. A 2024 NFL ta ɗauki sabon salon bugun fara wasa wanda XFL ta ƙirƙiro don rage karon da ke jawo rauni a kai. Wasu ne suka kashe kuɗin gwajin, ita kuwa ta karɓi sakamakon.

A fannin 'yan kallo na cikin fili, gari ɗaya ne ya fita dabam. St. Louis, wadda ƙungiyar NFL ta Rams ta bari ta koma Los Angeles a 2016, ta rungumi ƙungiyarta ta UFL, Battlehawks, da zuciya ɗaya, inda mutum sama da 40,000 suka halarci wasanta na farko a gida a 2024. Wannan soyayya tana da nasaba da haushin abin da NFL ta yi wa garin, kuma ba abu ne da za a iya kwafa a ko'ina ba. A Memphis da Houston filaye sun kasance kusan fanko. A 2025 Mike Repole, attajirin da ya yi suna da lemukan Vitaminwater da BodyArmor, ya sayi kaso a UFL ya karɓi ragamar harkokin kasuwancinta, kuma a watan Oktoban shekarar aka sanar da ɗauke ƙungiyoyi daga Michigan da Memphis da San Antonio zuwa Columbus da Louisville da Orlando, inda za su riƙa wasa a ƙananan filayen ƙwallon ƙafa da mutum 15,000 za su iya sa su yi kama da cikakku. San Antonio ita ce garin da ya fi kowane cika fili a zamanin AAF.

Idan aka auna da ma'aunin AAF, UFL ta warware matsalar da ta kashe waccan, wato rashin mai ɗaukar asara wanda ke da dalilin ci gaba da ɗauka. Abin da ba ta warware ba shi ne asarar kanta. Rayuwarta tana rataye ne a kan shawarar da Fox da RedBird da Repole za su riƙa yankewa a kowace shekara, cewa abin da suke samu na talla da cike sa'o'in tasha, da kuma fatan sayar da ƙungiyoyin ga attajiran garuruwa nan gaba, ya kai abin da suke zubawa. Gasar NFL ta Turai ta rayu a kan irin wannan shawara har zuwa 2007, lokacin da masu ƙungiyoyin NFL suka ga ya fi musu riba su riƙa kai wasanninsu na ainihi Landan.